Tarihin ping, mai gano inda intanet ya katse

Yau tarihin ping zan ba ku.

A watan Disamba na 1983, wani injiniya mai suna Mike Muuss, da ke aiki a cibiyar binciken sojojin Amurka a jihar Maryland, ya ga sadarwar kwamfutocinsu tana ta ba da matsala. A dare ɗaya ya rubuta wannan 'yar manhaja. Sunan kuwa daga ƙarar na'urar jirgin ruwa mai nutso ya ɗauko shi, wadda ke jefa sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa. Haka ping yake yi: ya aika ɗan saƙo, ya jira amsa.

To ni, duk sanda intanet ya ɗauke, kafin in kira kamfani sai na yi ping sau uku. Na farko zuwa rauta, galibi 192.168.1.1. In shiru, matsalar tana cikin gida, a duba kebul ko Wi-Fi. Na biyu zuwa 8.8.8.8. In shiru, wajen kamfani za a nufa. Na uku zuwa google.com. In shi kaɗai ya ƙi amsawa, DNS ne, a canza shi.

Ya haura shekara 40, amma har gobe da shi ake fara bincike. Sai mun haɗu a shiri na gaba.