Kunne Kafin Yatsa: Yadda Yaran Goge Suka Koyi Kiɗa a Jos

Kwanan baya wasu matasanmu na Titin Bauchi suka tambaye mu inda za su sami littafin koyon goge. Muka ce musu iyayenmu da suka yi wannan sana'a a garin nan ba su taɓa buɗe littafi a kanta ba. Bari mu ɗan koma baya.

Kuza ce ta kawo goge Jos. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe ramukan haƙar kuza, leburori daga Kano, Zariya, Katsina da Bauchi suka yi ta kwararowa, balle da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Inda lebura ya karɓi kuɗin sati, nan makaɗi yake sauka. Haka goge ya zauna a bariki, a gidajen magajiya da wuraren bori, shi ya sa malamai suka daɗe suna ƙyamarsa, har ake masa kirari da "kan bidi'a". Wannan muhawara ba ita ce gabanmu yau ba.

Ku dubi gogen kansa. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya ɗaya tal ta gashin wutsiyar doki, sai ɗan jakin da ke ɗaga ta. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa yaro inda zai sa yatsa, kamar yadda ake gani a jita. Yatsa ma taɓa tsirkiyar kawai yake yi, ba ya danne ta. Ya goce kaɗan, murya ta ɓaci. Ga kuma yanayin Jos: da damina fata ta sha danshi ta saki, da hunturu ta ɗaure tamau. Gogen da aka saita da la'asar sai an sake saita shi bayan isha'i, kuma kunne kaɗai ke faɗa maka ya yi daidai.

Don haka ba a fara ba yaro goge. Sai ya yi ta ɗaukar jakar maigidansa, yana shafa ƙaro a izga, yana zaune ana kiɗa dare bayan dare. Daga nan a ba shi ƙwarya ya koyi riƙe kiɗa, ya shiga amshi. Wanda bai iya rera take da bakinsa daidai ba, ba a yarda ya neme shi da yatsa. A wajen bori ma abin ya fi tsanani, domin kowane iska da takensa, na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, kuma masu sauraro sun fi yaron sanin su. Ya kuskure, a take za a gane.

Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne harshenmu. Bahaushe da kunne yake bambance wuya ta wahala da wuya na jiki, ta hawa da saukar murya. Goge kuwa magana yake yi, yana bin hawa da saukar kalmomin kirari. Yaron da ya san kalmar, ya riga ya san rabin hanyar da yatsansa zai bi. Abin mamaki, bayan yaƙin duniya na biyu wani malamin goge na Japan, Shinichi Suzuki, ya shahara da wannan dabara ɗin: yaro ya yi ta sauraro kamar yadda ya koyi harshen uwa, karatun alamomin kiɗa ya biyo baya. Yau ana biyan kuɗi a Amurka da Ingila don koyon abin da yaran Garba Liyo suka samu a bakin tabarma.

Ko marigayi Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru da ya rasu a watan Yuni 2015, Allah ya jiƙansa, da tsirkiya ɗaya ya ci duniya, ko da yake shi kuntigi ya riƙe. Su Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka kuma suka ɗaukaka kukuma, ƙanwar goge. Wata Ba'amurkiya, Farfesa Jacqueline DjeDje, ta fitar da littafi a 2008 kan masu goge na Fulani, Hausawa da Dagwamba na Gana. To amma littafi tarihi yake adanawa, ba ya saita tsirkiya.

Makarantar nan ta ƙungiyar makaɗa ce ta watse. Gidajen wasa sun rufe, rikice-rikicen da suka biyo bayan 2001 sun kashe yawon dare, biki kuma ya koma hannun masu fiyano da DJ. Yaro yanzu sai ya buɗe bidiyo a waya yana leƙen yatsun mai kiɗa, alhali gogensa da na cikin bidiyon ba tsawo ɗaya ba ne, don haka wurin yatsa ba zai zo ɗaya ba. A ganinmu gara ya kife wayar, ya saurari take ɗaya har ya iya rera shi, sannan ya ɗauki izga.

Muna roƙon duk wanda ke da tsofaffin kaset ko faifan goge da kukuma a gida, ya kawo wa sakatare a taron wata mai zuwa, mu juye su kafin su lalace, mu mayar wa kowa nasa.