ZARE: Yadda Sarki Alu ya sallami 'yan mishan daga Kano a 1900

1/ Jama'a, yau ina so mu koma shekarar 1900, lokacin da wasu Turawan mishan biyar suka taso daga Legas da niyyar kafa makaranta da ɗakin magani a birnin Kano. Sun shafe wajen wata uku a hanya, amma da suka iso kwana uku aka ba su su bar gari. Ku biyo ni.

2/ Me ya sa Kano? Amsar tana Kasuwar Kurmi. Tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 take ci. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas, fataken goro daga Gwanja, baƙin rini da jar fata, duk nan suke haɗuwa. Harshen cinikin kuwa Hausa ne.

3/ Lissafin 'yan mishan mai sauƙi ne. Maganar da aka yi a Kurmi da safe, fatake za su kai ta Borno, su kai ta Gwanja, alhazai su kai ta har Makka. A ganinsu, wanda ya samu wurin zama kusa da kasuwar nan ya samu kunnen ƙasar Hausa baki ɗaya.

4/ Ba su ne na farko ba. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas da irin wannan buri. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma shi ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani daga baya da SIM.

5/ Wanda ya samu shiga Kano shi ne Charles Henry Robinson, a Disambar 1894, tare da likita Tonkin. Yaƙin Basasa bai gama lafawa ba. Ya zauna kusan wata uku yana yawo a kasuwa, yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami. Bai zo da maganar gina coci ba, sai aka ƙyale shi.

6/ Wata ukun nan ba su tafi a banza ba. Ya fitar da littafinsa Hausaland a 1896, ya wallafa ƙamus ɗin Hausa, ya koyar da harshen a Jami'ar Kambirij. Bayanin da ya yi kan girman kasuwar Kano da cinikin bayi a cikinta ya ƙara wa ƙungiyar CMS ƙaimi.

7/ To, ga abin da ya fi ba ni mamaki: Hausar da ayarin 1900 suka zo da ita ba a ƙasar Hausa suka koye ta ba. Tarabulus suka je, suka zauna da fatake da mahajjata Hausawa. Wato sun fara ne daga ɗaya bakin hanyar da ke ƙarewa a Kurmi.

8/ Ayarin: Bishop Herbert Tugwell shi ne jagora, sai likita Walter Miller, Richardson, Dudley Ryder da Burgin. Sun bar Legas a Janairun 1900, suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka bi ta Zariya, suka iso Kano a watan Afrilu.

9/ Ku lura da lokacin fa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta zama tasu. Kafin nan, a 1897, sojojin kamfanin Royal Niger sun ci Bida da Ilori. Labarin nan babu ɗan kasuwar Kurmi da bai ji shi ba.

10/ Sarki Aliyu Babba, wato Alu, ya gana da su a Fanisau. Suka ce su malamai ne, magani da karatu suka kawo. Sarki ya nuna musu cewa Kano tana da malamanta da littafinta, ba ta nemi ƙari ba, kuma sun shigo ƙasarsa ba izini. Aka yanka musu wa'adin kwana uku.

11/ Ni dai ina ganin a yi wa kowa adalci. Baƙin sun yarda da abin da suka zo yi, har sun sa ransu a kai. Shi kuwa Alu da yaƙi ya hau sarauta a 1894, yana ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abdurrahman, ga Nasara na matsowa daga kudu. Ta ina zai bambance Bature mai littafi da Bature mai igwa?

12/ Shi kansa Lugard bai ji daɗin tafiyar ba. Bai shirya yaƙi da Kano ba tukuna, kuma da an taɓa Turawan nan dole ya ɗauki mataki. Korar da aka yi musu ma, a idonsa, zubar da girman Bature ne.

13/ Suka koma ƙasar Zazzau, suka yi sansani a Girku, inda Gowans ya mutu shekara shida da suka wuce. Nan ciwon atini ya kashe Dudley Ryder. Daga baya gobara ta cinye musu sansanin. Zuwa 1901 ayarin ya watse.

14/ Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Kanar Morland suka ci Kano. Amma cin garin bai buɗe wa mishan ƙofa ba, domin a Sakkwato Lugard ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addini ba. Shekaru da dama jami'an mulkin mallaka ne da kansu ke tare 'yan mishan daga masarautu.

15/ Miller ne ya nace. Ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, kuma yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A Wusasa Yakubu Gowon ya tashi.

16/ A Kano kuwa, coci-coci sun samu gurbi ne a Sabon Gari, bayan zuwan jirgin ƙasa a 1911. SIM ta shigo ta hanyar magani: aikin kutare a Yadakunya, da asibitin ido da aka buɗe a 1943, wanda ke hannun ECWA har yau.

17/ Don haka in kun ga coci a wajen ganuwa, birni kuma babu, ba haka kawai abin ya faru ba. Tsarin ya samo asali ne daga amsar da Alu ya bayar a Fanisau da alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato. Wanda ya ji wani abu daga bakin kakanninsa kan zuwan Turawan nan, ya ajiye mana a ƙasa.