Gombe Abba, Bormi da Nafada: Tarihin da Ya Rage a Bakin Gongola

Birnin Gombe yaro ne a cikin biranen Arewa. Sai a 1919 fadar sarki ta sauka a wurin da ake kira Doma, alhali masarautar ta kafu tun 1804, lokacin da Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ke nan akwai shekara 115 na tarihin masarautar da ba a cikin birnin aka yi su ba. Baƙon da ya zo ya zaga Tudun Hatsi, ya ga buhunan masara da wake jibge har sun fi mutum tsawo, ya leƙa ƙofar fada ya koma, ya ga kasuwancin Gombe amma bai ga mafarinta ba. Mafarin yana arewa, inda Kogin Gongola ya yi lanƙwasa kamar baka, a wasu garuruwa uku da hanya ta bari a baya. Garuruwan nan ba za su samu maziyarta ba, kuma abin da ya rage a cikinsu ba zai tsira ba, sai an ɗaure tarihinsu da abin da ƙasarsu ke nomawa.

Gombe Abba, wadda ke ƙaramar hukumar Dukku a yau, ita ce fadar farko. Buba Yero ya zauna a can har ya rasu a 1841, kuma can kabarinsa yake. Daga baya ɗansa Muhammadu Kwairanga ya yi sarauta daga 1844 zuwa 1882, mulki mai tsawo da ya zaunar da masarautar. Bayansa ne iska ta juya. Malam Jibrilla Gaini, mai da'awar Mahadiyya, ya kafa sansani a Bormi kusa da Bajoga, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Da Sakkwato ta faɗi hannun rundunar Turawa ƙarƙashin Lugga a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira maimakon zama a ƙarƙashin Nasara. Ya nufi gabas da dubban mutane, sarakai da talakawa, har suka iso Bormi. A watan Mayu mutanen garin suka kori harin farko na Turawa. Ranar 27 ga Yuli 1903 Turawa suka dawo da ƙarin ƙarfi, aka wuni ana gwabzawa. Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma a nan ya mutu, aka rushe garin. Waɗanda suka tsira suka bi ɗan sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Nilu har gobe. Yaƙin ƙarshe na Daular Usmaniyya a ƙasar Gombe aka yi shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya bayyana dalilin mutuwar gari da rayuwarsa. A 1913 Turawa suka ɗauke hedikwata daga Gombe Abba zuwa Nafada, garin da jiragen ruwa ke iya kaiwa daga Numan idan kogi ya cika da damina. Ba a yi shekara bakwai ba aka sake ɗagawa zuwa Doma, a zamanin Sarki Umaru, domin ta fi zama tsakiyar ƙasa kuma ta fi kusa da yankin Tangale da Waja da aka haɗa ƙarƙashin mulki ɗaya. Daga nan auduga ta ɗauki sabon garin. An kafa masana'antar gurzar auduga a 1956, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin audugar. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha. Duk ƙaurar nan bin hanya aka yi da bin amfanin gona. Inda kaya suka daina bi, mutane ma sun daina bi.

Kudancin Turai ya san irin wannan labari, kuma can ne darasin yake. San Jiminiyano, wani ƙaramin gari a yankin Toskana na Italiya, ya yi arziki ne domin yana kan hanyar masu ziyarar ibada zuwa Rum. Annobar 1348 ta karya shi, ya shiga ƙarƙashin Fulorans a 1353, duniya ta manta da shi. Mantuwar ce ta adana shi, domin babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gini ya yi sabo. Yau hasumiyoyinsa 14 suna tsaye, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1990. A Fotugal kuwa, kwarin Kogin Duro, wanda aka shata wa iyaka a matsayin yankin noman inabi tun 1756, ya shiga jerin a 2001, kuma abin da aka karrama shi ne gonakin da aka sassaƙa a jikin duwatsu kamar matakala. Maziyarci a waɗannan wurare yakan kalli gini da hantsi, ya ci abincin ƙauyen da rana, ya sayi man zaitun ko cuku daga hannun wanda ya yi shi. Kuɗin yana sauka a aljihun manomi, shi ya sa manomi ke tsare katangar kakanninsa.

Za a ce ai giya ce ke jan mutane zuwa can, mu kuwa addini da al'ada sun raba mu da ita. Gaskiya ne, kuma babu mai kiran a kwaikwayi wannan. Abin ɗauka shi ne tsarin da ya sa gari da gonarsa suka zama abu ɗaya a idon baƙo. Gongola tana da nata: kifin Dadin Kowa da shinkafar rani a ƙasan madatsar ruwanta, kindirmo da man shanu na rugagen Dukku, riɗi da wake da gyaɗa, da lambunan fadama a bakin kogi. Motar ɗalibai da ta tsaya a Gombe Abba ta ci fura, ta sayi ƙwarya da tabarma, ta biya wanda ya zaga da ita, ta yi wa tarihin garin abin da allon sanarwa na gwamnati ba zai yi ba.

Za a kuma ce ginin Turai na dutse ne, namu na laka, damina ta cinye shi, me za a je a gani? Amsar tana Agadas, wadda tsohon garinta na laka ya shiga jerin UNESCO a 2013, da Jenne ta Mali, inda jama'a ke fitowa kowace shekara su yaɓe masallacinsu. Sukur da ke nan Adamawa ta shiga tun 1999, kuma ba don dogayen benaye ba. Laka tana daɗewa muddin akwai hannun da ke yaɓe. Ko inda ganuwa ta zama tudu, wurin da kansa hujja ne: wanda ya tsaya a filin Bormi, ya ga kabarin Sarkin Musulmi da na jami'in da ya zo yaƙarsa a ƙasa ɗaya, ya fahimci 1903 fiye da wanda ya haddace ta don jarrabawa. Masu fargabar kada ziyarar kabari ta koma neman tubarraki suna da abin faɗa, kuma maganinsa shi ne malamai da masana tarihi su riƙe bayanin, kada a bar wa kowa ya ƙirƙiro nasa.

Batun tsaro ya fi nauyi, domin Nafada da Bajoga da Ashaka sun sha hare-haren Boko Haram a 2014. Wannan ya isa ya sa a daina mafarkin baƙi daga ƙetare a yanzu. Amma baƙon farko da ake bukata na gida ne: ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, 'yan sakandare, da iyalan da ke neman inda za su kai yara bayan sallah. Hanyar ma a shimfiɗe take, daga Gombe zuwa Dukku da Gombe Abba, da kuma daga Gombe zuwa Bajoga, Bormi da Nafada. Abin da ya rage shi ne a naɗi bayanin dattawan garuruwan tun suna raye, a horar da 'ya'yansu su zama masu zagawa da baƙi, a kuma bar cinikin abinci da kayan hannu ga mutanen wurin. Masarautar da ta ƙaura sau biyu cikin shekara shida tana da bashin zumunci a kan gidajen da ta baro, kuma zumunta a ƙafa take.