Asalin Gidan Gilashi na Renon Tsirrai

Gidan gilashi gini ne da ake yin rufinsa da bangonsa da gilashi domin renon tsirrai, asalinsa kuwa daga ƙasashen Turai ne, inda hunturu yake zuwa da ƙanƙarar da takan kashe duk itacen da ya saba da zafi. Hikimar da ke cikinsa ita ce hasken rana yana ratsa gilashin ya ɗumama ƙasa da iskar ciki, ɗumin kuma ya rasa hanyar fita, ta haka tsiron ƙasar zafi yake rayuwa a tsakiyar sanyi. Tun a ƙarni na 17 sarakunan Turai suke gina ɗakuna masu manyan tagogi don killace itatuwan lemo, kamar wanda ke fadar Versailles ta Faransa, amma waɗannan gine-ginen dutse ne, haskensu kaɗan.

Sai a ƙarni na 19 abin ya kankama, saboda dalilai uku da suka haɗu a Ingila: ƙarfe ya yi araha har ana iya lanƙwasa shi a yi sirarran ginshiƙai masu ƙarfi, an gano dabarar ɗumama ɗaki da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututu wanda ake dafawa da kwal, sannan a 1845 gwamnati ta soke harajin da ta daɗe tana karɓa a kan gilashi. Joseph Paxton, shugaban masu aikin lambun gidan Chatsworth, ya fara gina wani katafaren gidan gilashi a 1836, kuma gwanintar da ya samu a nan ce ta ba shi damar zana Fadar Gilashi ta baje kolin Landan na 1851. A lambun Kew kuwa, mai zanen gini Decimus Burton da maƙeri Richard Turner sun gina Gidan Dabino tsakanin 1844 da 1848, mai tsawon kimanin mita 110, inda aka tara dangin dabino da kwakwa daga ƙasashen zafi.

Waɗannan gidaje sun yi wa mulkin mallaka hidima ƙwarai. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura cewa tsiro yana iya rayuwa a rufaffen gilashi ba tare da ban ruwa ba, domin danshin da ya tashi yana komawa ƙasa, daga nan aka ƙera akwatin da ake safarar tsirrai a jirgin ruwa na tsawon watanni. A 1876 Henry Wickham ya kai ƙwayar roba kimanin 70,000 daga Brazil zuwa Kew, aka tsirar da abin da ya tsira, aka tura dashen zuwa Silon da Malaya, har kasuwar roba ta bar hannun mutanen Brazil. Najeriya ma ta shiga wannan tarihi, domin Charles Barter, wanda ya yi aiki a Kew, ya biyo tawagar bincike da Baikie ya jagoranta a 1857 yana tattara tsirran bakin Kwara, ya kuma rasu a Raba ta ƙasar Nupe a 1859.

Adana irin waɗannan gine-gine ya fi gina su wuya, domin ɗumi da danshin da tsiro yake so su ne suke sa ƙarfe tsatsa, tsatsar kuma tana kumbura ta tsaga gilashi. Gidan gilashin Chatsworth an rushe shi a 1920, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya jawo ƙarancin kwal da ma'aikata har tsirran suka mutu, Fadar Gilashi kuma gobara ta cinye ta a 1936. Gidan Dabino ya tsira ne domin an kwance shi gaba ɗaya tsakanin 1984 da 1988, aka gyara ƙarafansa, aka sake haɗa shi.

A fadamar kogin Haɗeja kuwa, manomi bai taɓa buƙatar irin wannan gini ba, domin ɗumin da Turawa suka saya da kwal kyauta yake samunsa. Abin da yake tsoro shi ne zafin rana da ƙarancin ruwa, shi ya sa idan ya yafa irin tumatir ko tattasai ko attarugu a bedi, wato ɗan filin renon dashe, yakan lulluɓe shi da ciyawa har ya yi ƙwari. Abin da ya cancanci adanawa a nan shi ne ruwan fadamar kansa, wanda ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yayin da ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama tsakanin Haɗeja da Nguru. Gyaran gini abu ne da kuɗi da gwaninta suke yi cikin 'yan shekaru, amma yashe magudanan fadama da sakin ruwa a kan kari aiki ne na kowace shekara, wanda ya rataya a wuyan hukuma da manoma da masunta da makiyaya baki ɗaya.