Jirgi Mai Linzami: Taƙaitaccen Tarihin Gasar Alkafura da Ƙananan Jiragen Sama

A ƙauyukan Makoda, kamar sauran karkarar arewacin Kano, da zarar an girbe dawa yara kan samu abin yi. Sukan fere kara, su soka tsinkensa cikin totuwa, su harhaɗa mota ko jirgin sama. Wani yaron yakan ɗaura wa jirginsa zare ya riƙa wulwula shi bisa kansa. Irin wannan wasa ne Turawa suka sa wa inji da doka, har ya zama gasa tsakanin ƙasashe.

Asalin abin daga Amurka yake. A 1937 wani mai suna Oba St. Clair, a jihar Oregon, ya tashi ƙaramin jirgi mai inji yana sarrafa shi da wayoyi daga ƙasa. Jim Walker kuwa shi ya yaɗa fasahar, da jirgin da ya fitar kasuwa a 1940 mai suna Fireball. Hikimar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya san doki. Matuƙi yakan tsaya a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, wanda wayoyi biyu na ƙarfe suka haɗa da jirgin. In ya karkata hannu sama, waya ɗaya ta ja fiffiken wutsiya, jirgi ya ɗaga. In ya sunkuyar, ya yi ƙasa. Watau dai linzami ne.

A shekarun 1950 Turawan Yamma da na Gabas suka riƙa karawa a Brussels ta Beljiyam. Daga nan Ƙungiyar Wasannin Sararin Sama ta Duniya, FAI, wadda aka kafa a Paris a 1905, ta shirya gasar duniya ta farko a Hungary a 1960, ana kuma maimaita ta bayan shekara bibbiyu. Louis Grondal na Beljiyam ya ci ɓangaren alkafura a 1960 da 1962. Yuri Sirotkin na Tarayyar Sobiyat ya karɓa a 1964, sai Josef Gabris na Cekoslobakiya a 1966 da 1968. Daga 1970 zuwa 1982 Amurkawa suka riƙe kambin, da gwanaye irin su Bill Werwage da Les McDonald, kafin Sinawa su ƙwace shi a 1984.

A wannan rukuni, da ake kira F2B, ba a duba sauri. Tsawon waya yakan kama daga mita 15 zuwa 21.5, kuma cikin minti 7 matuƙi zai zana siffofin da doka ta jera: da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku, lamba 8, da tafiya a kife. Alƙalai suna ba da maki gwargwadon tsabtar kowace siffa.

Abin lura a nan shi ne, gwanayen farko da hannunsu suke sassaƙa jiragensu daga itace mara nauyi, kamar yadda yaron Makoda ke fere karansa. Bambancin shi ne can an sami manya da suka ɗauki wasan da muhimmanci, suka kafa masa ƙungiyoyi, suka rubuta tarihinsa. A ƙasar Hausa kuwa, inda jirgin sama ya fara sauka Kano tun 1925, kayan wasan roba na kanti suna ta ture na kara. Idan makarantu ba su jawo wannan fasaha cikin darasin aikin hannu ba, za ta iya ɓacewa tare da kalmominta, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.