Dokar da Ba Ta Ambaci Baƙi Ba

A shekarar 1890 manyan jihar Mississippi a Amurka suka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki, kuma ba su ɓoye nufinsu ba: raba baƙar fata da akwatin zaɓe. Sai dai gyara na 15 da aka yi wa kundin ƙasar a 1870 ya hana tauye wa mutum 'yancin zaɓe saboda launin fatarsa. Don haka suka tsara sharuɗan zaɓe waɗanda ba su ambaci baƙi ko fari ba. Mai son ƙuri'a ya biya harajin dala 2 a shekara, sannan ya karanta wani sashe na kundin, ko ya bayyana ma'anarsa har magatakardan rajista ya gamsu. Magatakardan nan kuwa farar fata ne, shi ke zaɓen sashen, shi ke cewa an ci ko an faɗi. A 1898 Kotun Ƙoli, a shari'ar Williams, ta ce ba ta ga wariya a rubutun dokar ba. Louisiana ta bi sahu da nata dabarun, masu rajista baƙaƙe suka faɗo daga 130,334 a 1896 zuwa 1,342 a 1904.

Mutane da yawa na ɗaukar wariyar da ke da'awar ba ta ganin launin fata a matsayin abin da ya ɓullo bayan dokokin 'yanci na 1964 da 1965, kuma hakika a wannan zamani ne masana irin su Eduardo Bonilla-Silva, a littafinsa na 2003, suka yi mata nazari mai zurfi. Amma tarihi ya nuna tsohuwar dabara ce, wadda ake ɗaukowa duk lokacin da aka haramta wariya a fili. Dokar fansho ta 1935 ta tsame ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, sana'o'in da mafi yawan baƙaƙen ma'aikata ke ciki a lokacin. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta yi wa kowa alkawarin karatu da rancen gida, amma ta bar aiwatarwa a hannun jami'ai da bankunan kowane yanki. Wani bincike na 1947 a Mississippi ya gano cewa cikin rance fiye da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, 2 kacal suka je hannun baƙaƙe. Gidan da ba a saya ba a 1947, shi ne gadon da jikoki ba su samu ba yau. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna matsakaicin dukiyar iyalin farar fata ya kai kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa kusan 45,000.

Akwai masu cewa ai rashin duba launi shi ne adalcin da ake nema, shi Alƙali John Marshall Harlan ya kare shi kaɗai a shari'ar Plessy ta 1896, lokacin da sauran alƙalai suka halatta raba taragon jirgin ƙasa bisa launin fata. Wannan magana tana da nauyi, kuma mafi yawan masu faɗinta da zuciya ɗaya suke yi. Amma Harlan yana yaƙi ne da dokar da ta rubuta wariya ɓaro-ɓaro. Ɗaukar hujjarsa a hana binciken wanda doka ta cutar, juya ta ne a kan mutanen da ya so karewa. Wasu kuma na cewa talauci ne matsalar, tunda harajin zaɓe ya kori talakawan fararen fata su ma. Gaskiya ne ya kore su. To amma dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986 fa? Ta ɗora ɗaurin shekara 5 a kan giram 5 na hodar iblis mai ƙanƙara, wadda aka fi kama baƙaƙe da ita, alhali sai mutum ya riƙe giram 500 na garinta kafin ya sami wannan hukunci. Sinadari ɗaya ne, kuma sai a 2010 majalisa ta rage tazarar daga ninki 100 zuwa 18, bayan dubbai sun tsufa a kurkuku.

Amfanin nazarin wannan tarihi shi ne yana koya wa mutum inda zai kai idonsa: wa ya nemi dokar, wa ke aiwatar da ita, a kan wa ta faɗa. A 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shelby, ta kawar da ƙa'idar da ke tilasta wa wasu jihohi neman izinin tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓe, bisa hujjar zamani ya sauya. Cikin makonni North Carolina ta kafa dokar katin shaida, ta rage kwanakin zaɓen wuri, ta soke damar yin rajista da kaɗa ƙuri'a a rana ɗaya, ba tare da ambaton launi ba. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta, bayan ta gano cewa 'yan majalisar sun fara neman alƙaluman yadda masu kowane launin fata ke kaɗa ƙuri'a, sannan suka toshe hanyoyin da baƙaƙe suka fi bi.