Yatsan Kitchener da Samarin Accrington

Ina aji uku a jami'a na fara ganin hoton: wani Bature mai kaurin gashin baki da hular soja, ya kafe mai kallo da ido, ya miƙo yatsa kamar zai tsokane shi. Lord Kitchener ke nan, sakataren yaƙi na Birtaniya, yadda Alfred Leete ya zana shi a bangon mujallar London Opinion ta 5 ga Satumba, 1914, da rubutu a ƙasa cewa ƙasarka na bukatarka. Malaminmu ya ce kowa ya lissafa abin da ya gani. Ni kuwa abin da aka ɓoye ne ya tsaya mini a rai, domin babu laka, babu waya mai ƙaya, balle gawa.

A wancan lokaci Birtaniya ba ta tilasta wa kowa aikin soja, saboda haka sai da ta yi zawarcin samarinta. Fastoci suka cika bangaye. Akwai mai nuna mata a bakin taga suna cewa mazansu su tafi. Akwai na 1915, inda wani uba ya yi tagumi a kujera, 'yarsa na kan cinyarsa tana tambayarsa abin da ya yi a Babban Yaƙi. Wannan ya fi ci mini rai, don an ari bakin 'ya'yan da ba a haifa ba an ci musu albasa, an kunyata saurayi tun bai yi aure ba.

Amma a ganina tallar da ta fi kama zukata ba ta kan takarda. Ranar 3 ga Satumba kaɗai, kwana biyu kafin yatsan ya fito, mutum fiye da 33,000 suka ba da sunayensu. Alkawari aka yi musu mai daɗi: wanda ya shiga da abokansa, tare za a horar da su, tare za su yi yaƙi. Aka kafa bataliyoyin abokai, na 'yan unguwa ɗaya, masana'anta ɗaya, har ƙungiyar ƙwallo ɗaya. Wane ɗan shekara 19 ne zai zauna gida alhali sa'o'insa na maci a titi, badujala na tashi, 'yan mata na ɗaga hannu?

Garin Accrington, mai masaƙun auduga a arewacin Ingila, da ƙauyukan kewayensa sun tara tasu bataliyar. Safiyar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzun kogin Somme a Faransa, kimanin 720 daga cikinsu suka fito daga ramuka suka doshi ƙauyen Serre, inda bindigogin Jamusawa masu jigida ke jiransu. Cikin kusan rabin sa'a, 584 sun mutu, ko sun jikkata, ko sun ɓace. Alkawarin ya cika, tare suka tafi, tare aka kai labarinsu gida, maƙwabciya ba ta iya zuwa yi wa maƙwabciya ta'aziyya don ita ma tana nata zaman makokin. A wannan rana ɗaya Birtaniya ta rasa sojoji 19,240.

Daga nan ba a sake kafa irin waɗannan bataliyoyi ba. Dokar tilas ta 1916 ta riga ta maye gurbin lallashi. Kitchener bai ga Somme ba, ya nutse a teku ranar 5 ga Yuni lokacin da jirginsa ya taka nakiya. Yatsan dai bai bi shi ba: a 1917 James Montgomery Flagg ya are shi ya ba Uncle Sam, ya nuna samarin Amurka da shi.